Mun Duba KarstMod: Manhajar Lissafin Ruwan Ƙasa a Dutsen Farar Ƙasa, da Inda Za Ta Yi wa Ma'aikatan Legas Amfani

Duk Alhajin da ya biya kuɗin burtsatse, ko na gidan ruwa ne ko na gonar kaji, tambaya ɗaya yake yi wa injiniya: lita nawa zan ja a rana ba tare da rijiyar ta ƙafe ba? Amsar tana rataye da yawan ruwan saman da ke nutsewa ya isa ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa kowace shekara, wanda a nan za mu riƙa kira ruwan ciko. A ƙasar yashi ruwa na tsiyaya a hankali ta tsakanin ƙwayoyi, kusan bai ɗaya ko'ina, don haka lissafinsa da sauƙi. A dutsen farar ƙasa abin ya sha bamban. Ruwan sama kan kwaso iskar kabon daga sama da kuma cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami, ya riƙa cin dutsen shekaru dubbai, har tsaga ta zama kafa, kafa ta zama kogo. Irin wannan ƙasa ake kira kast, sunan da aka aro daga tudun Kras da ke iyakar Suloveniya da Italiya. A cikinta ruwa biyu ke tafiya a wuri guda: ɗaya yana rarrafe a jikin dutsen na tsawon watanni, ɗayan ya faɗa kafa ya yi tafiyar kilomita cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ba ƙaramin yanki ba ne. Kimanin kashi 15 cikin 100 na doron ƙasar da ƙanƙara ba ta rufe ba dutse ne mai narkewa irin wannan, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 678, wato kashi 9.2 cikin 100 na mutanen duniya, daga cikinsa suke shan ruwa. Biyana ta Ostiriya daga maɓuɓɓugan duwatsun Alps take sha ta bututun da aka buɗe a 1873 da 1910. Dimashƙa ta dogara da idon ruwan Fija. Lusaka ta Zambiya a kan irin wannan dutse take zaune, kuma nan ne ake ganin illar abin: masai da rijiya suna iya haɗuwa ta kafa ɗaya.

Kafin mu shiga manhajar, gargaɗi guda. Birnin Legas ba kast ba ne. Rijiyoyin Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, waɗanda masu kurar ruwa ke cika jarkoki a bakinsu, daga yashi da tsakuwar gaɓar teku suke ja, da shimfiɗun laka a tsakani. Wanda ya kawo maka rahoton kast a kan rijiya mai zurfin mita 60 a Agege, ya sayar maka da abin da ba ka buƙata. Farar ƙasar tana fitowa ne a jihar Ogun, wajen Ewekoro da Ibese da Shagamu, inda masana'antun siminti suka zauna saboda ita. Akwai ta a Mfamosing kusa da Kalaba, da Ashaka a Gombe, da Kalambaina a Sakkwato. Kamfanonin haƙa da ofisoshin ba da shawara da ke Legas kan karɓi aiki a waɗannan wurare, kuma su muke rubuta wa.

KarstMod manhaja ce ta kyauta daga ƙungiyar masu binciken kast ta Faransa mai suna SNO KARST, kuma an wallafa bayaninta na kimiyya a 2019. Da Turanci take. Ba ta da nauyi, kwamfutar ofis ta yau da kullum ta ishe ta. Tsarinta irin na tankunan gidan sama ne da aka jona da bututu. Tankin sama, E, shi ne ƙasar noma tare da ɓawon dutsen da ya farfashe a ƙarƙashinta, inda ruwan sama ke fara taruwa, rana da tsirrai kuma su ɗebi rabonsu. Daga nan ruwa na sauka zuwa M, jikin dutsen mai riƙe ruwa ya sake shi a hankali, ko zuwa C, kafofi da koguna masu gudu. Akwai na huɗu, L, da ake iya ƙarawa idan ana son wata ma'ajiyar daban. Kowane bututu ana kunna shi ko a kashe, kuma kowane yana da lambar da ke nuna saurin zubarsa da wata da ke nuna ko zubar na ƙaruwa daidai da tsayin ruwan tankin ko fiye da haka. Abin da ya fita daga E ya gangara ƙasa, shi ne ruwan cikon da kake nema.

Abin da take nema a wurinka fayil ne mai ginshiƙai: kwanan wata, ruwan sama a milimita, ƙafewar ruwa (abin da rana da tsirrai ke ɗiba) a milimita, da yawan ruwan da ke fita a maɓuɓɓuga. Idan ana jan ruwa da famfo a yankin, shi ma yana da gurbinsa, haka ma matakin ruwa a rijiya. Kullum-kullum ko awa-awa. Sai ka raba shekarun kashi uku. Na farko na ɗumama inji ne, don tankunan su manta da lambar farawa da ka zuba musu da ka. A ba shi shekara guda cur, damina da rani. Na biyu na saiti, na uku na jarrabawa, inda ake ganin ko lambobin da aka samu za su iya faɗin abin da ya faru a shekarun da ba su gani ba. A ganinmu, bayanan da ba su kai shekara uku ba ba sa ɗaukar wannan rabo, biyar ya fi kwanciyar hankali. Kowace lamba kana ba ta iyakar ƙasa da ta sama, manhajar ta yi ta jarraba haɗe-haɗe dubbai da tsarin Sobol, hanyar zaɓo lambobi bai ɗaya daga ko'ina a tsakanin iyakokin, ta ajiye waɗanda suka wuce makin da ka yanka.

Nan ne ta burge mu. Ba ta miƙo amsa ɗaya ta ce ga gaskiya. Tana nuna duk haɗin lambobin da suka yi daidai da ma'auninka, ta kuma nuna wace lamba ce sakamakon ya dogara da ita, wace ce ko an juya ta babu abin da ke motsi. Lambar da ba ta motsa komai, bututunta bai kamata ya kasance a kunne ba. Shawararmu ita ce a fara da E da M da C kawai, lambobi biyar ko shida. Sabon shiga kan kunna komai saboda makin yana hawa, alhali da lambobi goma sha biyu ko layin banza za ka iya lanƙwasawa ya bi ma'auni a shekarun saiti, ya kuma watse a shekarar jarrabawa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar matsalar ita ce faɗin yankin da ke ciyar da maɓuɓɓugar. A ƙasar da ba kast ba, ana bin tsaunuka a taswira a zana iyaka. A kast ruwa na iya ratsa ƙarƙashin tudu ya fito a wani kwarin, don haka KarstMod ta mayar da faɗin yankin lamba ce da ake saitawa. Ga yadda hakan ke cutarwa. Milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan ɗaya ce, wato tankar lita 10,000 guda ɗari. A ɗauka, don misali, ruwan shekara milimita 1,400 ne, yankin murabba'in kilomita 20, ciko kuma kashi 30 cikin 100, wato milimita 420. Wannan zai ba da mita kubik miliyan 8.4 a shekara, kusan lita 266 a sakan. Yanzu a rage yankin zuwa murabba'in kilomita 10, a ɗaga cikon zuwa kashi 60. Lita 266 ɗin nan dai za ta fito. Manhajar ba ta da hanyar bambance su daga ma'aunin maɓuɓɓuga kaɗai, amma ga mai son sanin abin da gonarsa mai hekta 50 ke samu, bambancin ninki biyu ne. Maganin yana waje da kwamfuta: a ƙuntata iyakar yankin da taswirar duwatsu, in da hali a zuba koren rinin bin sawu na fuloresin a ramukan da ke haɗiye ruwa, a sa ido a ga maɓuɓɓugar da zai fito da kuma kwanakin da ya ɗauka. A nemi izinin hukuma, a kuma sanar da mai gari kafin a zuba, domin ruwan da ya wayi gari kore yana tada hankalin unguwa.

Na biyu, ruwan sama. Ofisoshi da yawa jimillar wata suke da ita, sai su raba ta kwana talatin su zuba. Wannan yana kashe lissafin tun daga tushe. A ce wata guda an yi milimita 90, abin da rana za ta iya ƙafarwa kuma 120. A lissafin wata ciko sifili ne. Amma idan 60 daga cikin 90 ɗin a dare ɗaya ya sauka, ƙasar kuma milimita 25 kawai ta rage mata ta ƙoshi, to 35 ya wuce ƙasa kafin gari ya waye, rana ba ta gan shi ba. A kast mafi yawan ciko daga irin waɗannan manyan ruwaye yake zuwa. Ruwan kudu maso yamma kuwa na hadari ne, ya yi ambaliya a wannan unguwa ya bar ta gaba da ita a bushe, ga shi damina biyu ce, wadda ke tashe a Yuni da ta Satumba zuwa Oktoba, da ɗan hutu a Agusta. Ma'aunin hukumar yanayi ta NiMet da ke Ikeja ba zai faɗa maka abin da ya sauka a Ewekoro daren jiya ba. Bayanan tauraron ɗan'adam na CHIRPS kyauta ne, suna farawa daga 1981, a murabba'ai masu faɗin kusan kilomita 5, kuma suna da amfani wajen cike giɓi, sai dai sukan daddaƙe manyan ruwaye su shimfiɗa su. A kafa ma'aunin ruwan sama mai rubutawa da kansa a cikin yankin, nesa da bishiya da bango, a riƙa share mazurarinsa kowane mako. Ganye ɗaya ko gidan zanzaro ya isa ya toshe shi wata guda ba a sani ba.

Ƙafewa kuma, sabon fitowar manhajar ta zo da hanyar Oudin, wadda zafin rana da matsayin wuri a doron ƙasa kawai take nema. Tana da sauƙi, amma zafin kudu ba ya sauyawa sosai daga wata zuwa wata. Abin da ke sauyawa gajimare ne da laima, su kuma ba ta ganinsu. A Kalambaina busasshiyar iskar hunturu ce ba ta gani. Inda ake da bayanan iska, laima da hasken rana, a yi lissafi da hanyar Penman-Monteith ta hukumar FAO a waje, a shigar da shi a ginshiƙinsa.

Auna maɓuɓɓuga shi ne aikin da ya fi cin ƙafa. Ga ƙaramar maɓuɓɓuga, madatsar ƙarfe mai baki kamar harafin V mai kusurwa 90 ta isa. Ruwa mai tsayin santimita 10 a kan tsinin V ɗin kusan lita 4.4 ne a sakan, mai santimita 20 kuma kusan lita 25. Dubi yadda yake tashi. Kuskuren santimita ɗaya, a karanta 11 maimakon 10, ya mayar da 4.4 ya zama 5.5, ƙarin fiye da rubu'i. Ana auna tsayin ne a baya da bakin, nisan da ya ninka tsayin ruwan sau uku ko huɗu, ba a kan bakin ba inda ruwa ya riga ya sunkuya. Yashi kan taru a bayan madatsar ya ɓata karatun, ruwa kan ɓulla ta ƙarƙashinta idan ba a dasa ta da kyau ba, ranar babban ruwa kuma yakan haye ta baki ɗaya, wato ranar da aka fi buƙatar ma'aunin ita ce ranar da ake rasa shi. Na'urar da ake nutsarwa ta rubuta matakin ruwa a saita ta kowane minti 15, a haɗa ta da ta biyu a waje mai auna nauyin iska, in ba haka ba sauyin iska zai bayyana kamar hawan ruwa.

Wani wurin da ake yaudarar kai shi ne makin da ake saiti da shi. Sanannen makin NSE, wanda 1 ke nufin daidai cif, 0 kuma ke nufin da matsakaicin shekara ka faɗa da ka yi daidai da samfurin, wato lissafin manhajar, yana ninka kuskure a kansa, don haka ranakun ambaliya suke cinye shi. Za ka iya samun 0.8 alhali lissafin Fabrairu da Maris, lokacin da Alhaji ke tsoron ƙafewa, ya kauce nesa. Manhajar ta ba da damar zaɓar wasu makin, har da wani mai suna KGE, da haɗa biyu. A yi amfani da damar, sannan a buɗe zanen a kalli wutsiyar rani da ido.

To ina wanda ba shi da maɓuɓɓuga? Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar Ogun. An gina manhajar ne da tunanin wurare irin Fontaine de Vaucluse a Faransa, inda ruwan yanki mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,000 ke fitowa ta baki ɗaya, kusan mita kubik 20 a sakan a matsakaici. Farar ƙasar Ewekoro ba haka take ba. Shimfiɗa ce da ke karkata zuwa kudu tana nutsewa, dutsen laka ya rufe ta a mafi yawan wurare, ruwan sama kuma yana shiga ne ta siririn ɗamarar da take a fili. KarstMod tana karɓar matakin ruwan rijiya a madadin maɓuɓɓuga, amma sai an ba ta kason ramukan dutsen da ke sakin ruwa, kuma wannan kaso a kast ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwa ya hau mita 5: idan kason 0.01 ne, ciko milimita 50, idan 0.03 ne, 150. Rijiyar da ta dace da kafa da wadda ta kauce mata da mita 20 za su ba da labari biyu. Idan akwai ramin fasa dutse kusa da ake zuƙe ruwansa, ko gonaki masu famfo, dole a shigar da abin da suke ja, in ba haka ba manhajar za ta ɗora laifin saukar ruwan a kan ƙarancin ciko. Rijiyar aunawa kuma kada ta zama wadda ake ja daga cikinta.

Ana iya gwada sakamakon da gishirin kulorayid: ruwan shekara sau kulorayid na ruwan sama, a raba da na ruwan ƙasa. Milimita 1,400 da miligiram 2 a lita a sama da 10 a ƙasa zai ba da 280. A Sakkwato hanyar tana da ma'ana. Kusa da teku ko inda masai ke tsiyaya, kulorayid ɗin ƙasa ba daga sama kaɗai ya zo ba, sai lissafin ya rage cikon.

Abin da KarstMod ba ta yi kwata-kwata shi ne taswira. Ba za ta ce a haƙa nan ba, ba za ta ce rijiyar maƙwabci za ta sauka mita nawa ba. Mai son wannan sai ya koma MODFLOW-CFP, wadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta fitar a 2008, ita ma kyauta. Sai dai ita tana son a faɗa mata inda kafofin suke, faɗinsu da kaushin bangonsu, abin da ko a Turai ba kasafai ake da shi ba. Zana kafofi da ka a cikinta yana ba da hoto mai kyau a rahoto, shi ke nan.

Akwai kuma masu ɗauko lamba daga manyan samfuran duniya su liƙa a rahoton rijiya ɗaya. VarKarst-R, wanda Andreas Hartmann da abokan aikinsa suka fitar a 2015, aiki ne mai daraja. Shi ya nuna a 2017 cewa a kast na Turai, Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ciko na iya kaiwa ninki huɗu na abin da samfuran da ke ɗaukar ƙasa bai ɗaya suke faɗi, domin ruwan da suke lissafawa a matsayin wanda ya gudu ta sama ko ya ƙafe, a gaskiya kafa ce ta haɗiye shi. V2Karst na 2018 ya ƙara masa lissafin tsirrai. Amma murabba'in VarKarst-R rubu'in digiri ne, kusan kilomita 27 kowane gefe a wajenmu, kuma an saita shi ne da yanayin waɗancan ƙasashe. Taswirar kast ta duniya, WOKAM, ta 2017, an buga ta a sikelin 1 zuwa miliyan 40, inda milimita ɗaya a takarda kilomita 40 ne a ƙasa. Ɗamarar Ewekoro ba ta kai kaurin layin biro ba a nan. Rumbun WoKaS na 2020, wanda Tunde Olarinoye ya jagoranta, ya tara ma'aunin maɓuɓɓuga sama da 400, mafi yawansu a Turai. Amfaninsa gare mu shi ne koyo: a sauko da maɓuɓɓuga ɗaya mai dogon tarihi, a haɗa ta da ruwan saman yankinta, a yi mako biyu ana kunna bututu ana kashewa a KarstMod, kafin a taɓa aikin kuɗi.

Hukuncinmu: ga ofishin da ke da aiki mai tsawo a Mfamosing ko wani wuri mai maɓuɓɓuga a fili, ko mai lura da ruwan ramin fasa dutse inda ake rubuta abin da famfo ke ja kullum, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ga ɗalibin ilimin ruwan ƙasa ma ta dace, don tana koya masa shakkar lambarsa. Ga aikin rijiya ɗaya da ake son rahoto cikin wata guda, ba ta da abin yi. Gwajin famfo na awa 72 tare da auna dawowar ruwa bayan an kashe, a yi shi a ƙarshen rani, ya fi ta faɗin gaskiya. Shi kuma Alhajin da aka kawo wa rahoto mai ɗauke da sunanta, ya nemi a nuna masa fayil ɗin ruwan sama na kullum da wurin da aka auna shi, shekarun da aka ware don jarrabawa, da yadda aka san faɗin yankin. Lambar cikon kuma ta zo da ƙasa da sama, kamar milimita 250 zuwa 450, a kuma saita famfon a kan ta ƙasan.